Francesco, Laƙabin da Ya Danne Sunan Yanka

Wajen shekarar 1181 aka haifi wani yaro a garin Assisi da ke tsakiyar Italiya. Mahaifinsa, Pietro di Bernardone, attajirin ɗan kasuwar yadi ne, kuma lokacin haihuwar ya tafi fatauci Faransa. Kafin ya dawo uwar ta riga ta raɗa wa jaririn suna Giovanni. Shi kuwa maigida da ya iso, ga riba ga son ƙasar da ya baro, sai ya shiga kiran ɗansa Francesco, wato “Bafaranshe”. Nan take laƙabi ya bi yaro, sunan yanka ya ɓace.

Asalin kalmar daga Latin ne, Franciscus, mai nuni ga ƙabilar Farank da Faransa ta samo sunanta.

Abin mamaki, yaron da aka yi wa suna saboda kasuwa shi ne ya tuɓe tufafinsa masu tsada a gaban bishop ɗin garin, ya mayar wa ubansa, ya rungumi talauci. A 1219 har Masar ya je ya gana da Sarki al-Kamil ana tsakiyar yaƙi. Ya rasu a 1226, bayan shekara biyu coci ta ayyana shi waliyyi, sunan ya bazu.

Daga 2001 zuwa 2017 babu sunan da aka fi sa wa jarirai maza a Italiya kamar Francesco, sai a 2018 Leonardo ya sha gabansa. A kudancin ƙasar kuwa, masu suna Francesco da yawa a gida Ciccio kawai ake kiransu.