Na'urorin da ke lalubo hayyacin majinyatan da suka daina magana bayan raunin ƙwaƙwalwa

Mutumin da ya samu mummunan rauni a ka, ko wanda zuciyarsa ta tsaya har iskar shaƙa ta yanke wa ƙwaƙwalwarsa, yakan faɗa doguwar suma. Wannan hali bai cika wuce makonni biyu zuwa huɗu ba. Daga nan wani ya farfaɗo, wani ya rasu, wani kuma ya buɗe ido, yana barci yana farkawa, amma babu alamar ya san inda yake. Likitoci biyu, Bryan Jennett da Fred Plum, su ne suka raɗa wa wannan yanayi suna a 1972. A 2002 aka ware wani mataki na gaba da shi, inda majinyaci kan nuna ɗan hayyaci jefi-jefi, kamar ya bi mutum da ido ko ya matse hannu idan an umarce shi.

Bambance matakan nan biyu yana da wuya. Wani bincike da aka buga a 2009 a Beljiyam ya gano cewa kusan kashi 40 cikin ɗari na waɗanda aka ɗauka ba su san komai ba, a gaskiya suna da ɗan hayyaci. Dalili shi ne gwajin gefen gado ya dogara ga motsin jiki, alhali raunin da ya taɓa ƙwaƙwalwa shi ne kuma ya shanye gaɓoɓin.

Na'ura mafi sauƙi ita ce ɗan makunni mai jin motsi ƙanƙani. Ana liƙa shi kusa da fatar ido, ko leɓe, ko yatsa. Da zarar majinyaci ya motsa wurin, sai waƙar da yake so ko muryar wani nasa ta tashi na 'yan daƙiƙu. In aka ga motsin yana ƙaruwa lokacin da makunnin ke aiki, yana raguwa idan an kashe shi, to alama ce mutumin ya gane cewa shi ke jawo sautin. Giulio Lancioni na Jami'ar Bari da ke Italiya ya daɗe yana wannan aiki, ko da yake yawancin gwaje-gwajensa a kan mutane ƙalilan ne.

Sai waɗanda ko fatar ido ba sa iya sarrafawa. A 2006 Adrian Owen da abokan aikinsa a Kambirij, Ingila, suka sanya wata mata 'yar shekara 23, wadda hatsarin mota ya raunata, cikin na'urar fMRI mai nuna sashen ƙwaƙwalwar da jini ke ƙara kwarara gare shi. Aka ce ta ƙiyasta a ranta tana buga wasan tanis, sannan ta ƙiyasta tana zaga ɗakunan gidanta. Kowane umarni ya kunna sashensa daban, daidai da yadda yake faruwa ga masu lafiya. Ba ta motsa ko yatsa ba, amma ta ji, ta fahimta, ta aikata.

A 2010 masanan Kambirij da na Liège suka gwada majinyata 54. Biyar suka iya bin umarnin. Ɗaya daga cikinsu aka mayar masa da dabarar hanyar magana: tanis na nufin "eh", zaga gida na nufin "a'a". Ya amsa tambayoyi biyar cikin shida daidai, har da ta sunan mahaifinsa.

Na'urar fMRI tana da tsada, kuma ɗaukar majinyaci zuwa gare ta wahala ce. Shi ya sa aka koma ga EEG, wato wayoyin da ake liƙawa a fatar kai, irin waɗanda asibitocin koyarwa ke amfani da su wajen gano farfaɗiya. Ana ce wa majinyaci ya buɗe hannu ya rufe, kwamfuta kuma ta duba ko igiyoyin lantarkin ƙwaƙwalwa sun sauya. Babban binciken da cibiyoyi shida suka buga a 2024 ya haɗa hanyoyin biyu: cikin mutum 241 da ba su amsa umarni a zahiri ba, 60 sun amsa da ƙwaƙwalwarsu, wato ɗaya cikin huɗu.

Akwai abin lura. Gwajin yana buƙatar natsuwa ta mintuna, har wasu da ke amsa magana a fili sukan faɗi shi. Saboda haka rashin amsa ba hujja ba ce cewa babu hayyaci. Har yanzu kuma babu na'urar da ta zama abin hira ta yau da kullum ga irin waɗannan majinyata.

A Nijeriya, inda hatsarin mota da na babur ke kan gaba wajen jawo raunin kai, jinyar takan koma hannun iyali ne a gida. Abin da ke hannu shi ne maimaita gwaji a ranaku daban-daban, domin hayyacin yana zuwa yana tafiya. Madubi ma kayan aiki ne: bincike ya nuna majinyaci ya fi bin fuskarsa a madubi da ido fiye da bin mutum ko wani abu da ake motsawa. Ma'aikatan jinya kuma sukan gargaɗi 'yan dubiya su kiyaye abin da suke furtawa a gefen gado, domin mai yiwuwa wanda ke kwance yana ji.