Shin ƙara baranda a jikin gida na buƙatar izinin hukuma? Abin da ya kamata mazauna Kafanchan su sani

A Kafanchan da sauran garuruwan Kudancin Kaduna, inda damina ke da tsawo da ƙarfi, magidanta da dama kan ƙara baranda a gaban gidajensu domin kare ƙofa daga feshin ruwa da samun wurin shan iska. Sai dai a idon doka, barandar da aka yi wa tushe da ginshiƙai da rufin kwano gini ce, kuma duk ginin da ya sauya zanen da aka amince da shi tun farko yana buƙatar izini.

Wace hukuma ke da hurumi?

Dokar Tsara Birane da Yankuna ta Tarayya ta 1992 ta wajabta neman izini kafin a fara kowane aikin gini. Amma a shekarar 2003, a shari'ar da Jihar Legas ta shigar da Gwamnatin Tarayya, Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa tsara birane hurumin jihohi ne. Saboda haka dokar Jihar Kaduna ce ke aiki a Kafanchan, kuma Hukumar Tsara Birane ta Jihar, wato KASUPDA, ita ke bayar da izinin gini.

Takardar mallaka ba izinin gini ba ce

A nan ne mutane da yawa kan yi kuskure. Takardar shaidar mallakar fili, wadda ake nema ta hannun hukumar KADGIS bisa tanadin Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, tana tabbatar da haƙƙin mutum a kan fili ne kawai. Abin da za a gina a kansa, da inda ginin zai tsaya, magana ce ta daban. Haka nan amincewar mai unguwa ko dagaci, duk da muhimmancinta wajen zaman lafiya da maƙwabta, ba ta maye gurbin izinin hukuma.

Me ake dubawa?

Babban abin da jami'ai ke aunawa shi ne tazarar da ke tsakanin gini da titi, da magudanar ruwa, da wayoyin lantarki, da iyakar maƙwabci. Baranda kuwa galibi gaban gida take cinyewa, wato daidai filin da aka ce a bari. A Kafanchan akwai ƙarin abin lura: garin mahaɗar layin dogo ne, don haka gidajen da ke kusa da layin suna iyaka da filin Hukumar Jiragen Ƙasa ta Najeriya.

Gyaran da bai taɓa siffar gini ba, kamar fenti ko yaɓe, bai zama ɗaya da ƙarin gini ba. Amma ko rumfar wucin gadi ce, muddin ta hau kan lambatu ko gefen titi, hukuma na iya cire ta.

A Ingila an yafe wa ƙaramar baranda neman izini, matuƙar ba ta wuce murabba'in mita 3 ba, tsayinta bai haura mita 3 ba, kuma ta bar mita 2 daga iyakar titi. Wannan sassauci na can ne, ba hujja ba ce a Kaduna.

Matakan da suka dace

Mai gida ya fara tuntuɓar ofishin KASUPDA da takardun filinsa, da zanen ginin na asali, da sabon zanen da ƙwararre mai rajista ya yi, sannan ya karɓi rasit a kan duk kuɗin da ya biya. Ɗan haya kuwa sai da yardar mai gida a rubuce.

Wanda ya yi gini ba izini na iya fuskantar umarnin dakatar da aiki, ko tara, ko rusau, kuma samun diyya kan yi wuya idan aikin faɗaɗa titi ya biyo ta kansa. Kuɗin neman izini bai kai asarar bulo da siminti da kwanon da aka rushe ba.