Nisan tafiyar jirgin sama daga Dirku zuwa Yamai

Nisan tafiyar jirgin sama daga Dirku zuwa Yamai shi ne tazarar da ke tsakanin garin Dirku, a gundumar Bilma ta jihar Agadez, da Yamai, babban birnin Jamhuriyar Nijar. A miƙe, tazarar ta kai kimanin kilomita 1,300, wato kusan mil 810. Jirgin da ya tashi daga Dirku yana fuskantar kudu maso yamma, ya ratsa hamadar Tenere kafin ya iso kwarin kogin Neja.

Yadda ake auna nisan

Ana lissafa shi ne ta layi mafi gajarta a doron duniya tsakanin wuraren biyu. Dirku na kusa da digiri 19 arewa da digiri 13 gabas, Yamai kuma tana kusa da digiri 13.5 arewa da digiri 2 gabas. Jirgin da ke gudun kilomita 500 a awa zai ci wannan tazara cikin kimanin awa biyu da minti arba'in, idan bai ya da zango ba. Garuruwan biyu agogonsu ɗaya ne.

Filayen jirage

A Yamai jirage na sauka a filin jirgin saman ƙasa da ƙasa na Diori Hamani. Filin Dirku ƙarami ne, kuma sojoji ne suka fi amfani da shi. A shekarar 2018 jaridar New York Times ta ruwaito cewa hukumar leƙen asirin Amurka ta CIA na tayar da jirage marasa matuƙi daga can. A tsakanin biyun akwai filin Mano Dayak na Agadez, mai nisan kimanin kilomita 740 daga Yamai. Ƙurar hunturu takan rage gani a yankin, har ta jinkirta tashi ko sauka.

Kwatanci da hanyar ƙasa

Ta mota tafiyar ta haura kilomita 1,500. Daga Yamai ana bi ta Dosso, Dogon Dutsi, Birnin Konni da Tawa zuwa Agadez, kimanin kilomita 950. Daga Agadez zuwa Dirku babu kwalta, sai rairayi, kuma motoci kan tafi a ayari saboda tsaro. Ayarin raƙuman fataken gishiri kan yi tafiya daga Agadez zuwa Bilma, wadda ke kudu da Dirku.

Muhimmanci

Dirku ta fi kusa da N'Djamena, babban birnin Chadi (kimanin kilomita 800), da Kano (kimanin kilomita 900) fiye da babban birnin ƙasarta. Wannan nisa ya sa jirgin sama ke da muhimmanci wajen kai jami'ai da kayan agaji da kwaso marasa lafiya daga yankin Kawar, wanda ke kan hanyar matafiya zuwa Libiya.