Gidan Tarihi na Yamai da Itacen Tenere

An buɗe gidan tarihi na ƙasar Nijar a birnin Yamai a shekara ta 1959, tun ƙasar ba ta sami mulkin kai ba. Wani Bature mai suna Pablo Toucet shi ne shugabansa na farko. Amma wanda ya tsaya wa aikin shi ne Bubu Hama, malamin makaranta kuma marubucin tarihi, wanda ya shugabanci majalisar dokoki har juyin mulkin 1974. Daga baya aka sa wa gidan sunansa.

A wancan zamani Bazabarme na bakin kogin Kwara bai san zaman Buzu na Abzin ba, shi kuma Bahaushen Damagaram sai dai ya ji labarin Tubawa a bakin fatake. Saboda haka aka kafa irin gidajen kabilun ƙasar a fili ɗaya, da bukkoki da tantuna, domin ɗan makaranta ya zaga ya ga 'yan'uwansa da ƙafarsa. Aka ba maƙera da dukawa da masaƙa rumfuna, suna aiki a idon baƙi. Akwai kuma wurin namun daji.

Ƙasusuwan da aka tono a Gadufawa, cikin hamada, su ne suka fi ba mutane mamaki. A ciki akwai na wani kada wanda tsawonsa ya wuce mita 9, ya rayu shekaru wajen miliyan 110 da suka wuce, lokacin da koguna ke gudu inda yau rairayi ne kawai.

Amma abin da ya fi taɓa zuciya busasshen itace ne. Wannan itacen ƙaya ya daɗe tsaye shi kaɗai a hamadar Tenere, ba wani kusa da shi sai an yi doguwar tafiya. Da aka haƙa rijiya a gefensa, aka tarar saiwarsa ta nutsa fiye da mita 30 tana neman ruwa. Ayarin gishiri masu bin hanyar Agadas zuwa Bilma da shi suke gane hanya, ba kuma mai saran reshensa ya hura wuta, duk da sanyin dare. A 1973 wani direban babbar mota ya banke shi, a wurin da ke da filin kaucewa ta kowace fuska! A watan Nuwamba na shekarar aka ɗauko shi zuwa Yamai, aka yi masa rumfa. Can Tenere kuwa aka kafa itacen ƙarfe a gurbinsa.