Brian Greenwood da Binciken Garkuwar Jiki, Daga Zariya Zuwa Damagaram

Brian Greenwood likita ne ɗan Ingila, masanin garkuwar jiki, an haife shi a 1938. Ya shafe mafi yawan rayuwarsa ta aiki a kan cututtuka biyu da suka raba shekarar ƙasar Hausa tsakaninsu, wato sanƙarau da ke zuwa da rani da zazzaɓin cizon sauro da ke zuwa da damina. Iyayen da ke kai 'ya'yansu rigakafi a unguwannin Kara-Kara ko Birni ko Zango na Damagaram ba lalle su san sunansa ba, amma da hannunsa a cikin gidan sauro mai magani da ake rabawa, da ƙwayoyin da ake bi gida-gida ana bai wa yara da damina, da kuma yadda ake tarar annobar sanƙarau.

Ya yi karatun likita a Kambirij da Landan, ya zo asibitin koyarwa na Ibadan a 1965. A can ya lura cewa cututtukan da garkuwar jiki ke juyowa ta far wa mai ita, kamar wani nau'in sanyin gaɓoɓi da ya yi yawa a Turai, ba su cika kama mutanen yankin ba. A 1968 ya buga ra'ayinsa a mujallar Lancet cewa yawan kamuwa da zazzaɓi da tsutsotsin ciki tun ƙuruciya yana iya sauya halin garkuwar jiki. Wannan tambaya ce ta mayar da shi Ingila ya ƙware a fannin, kafin a 1970 ya koma Zariya don taimakawa wajen kafa makarantar likitoci ta Jami'ar Ahmadu Bello. Shekara 10 ya yi a can.

Zariya tana cikin zirin ƙasashen da likitan sojan Faransa Léon Lapeyssonnie ya zana a 1963, daga Sanigal zuwa Habasha, inda sanƙarau ke ɓarkewa bayan 'yan shekaru. Damagaram da Maraɗi da Kano da Katsina duk suna tsakiyarsa. Cutar kan fara da hunturu, ta yi ƙamari da bazara, ta ɗauke da zarar ruwa ya sauka. Idan ta zo, asibiti ba ya ɗaukar majinyata, sai a shimfiɗa tabarmi a baranda da gindin itatuwa. Yaro ya wayi gari da ciwon kai da zafin jiki, wuyansa ya sanƙare, kafin kwana ɗaya ko biyu ya cika, ko ya tashi da kurumta.

Matsalar farko ita ce gane ƙwayar cutar. Shuka ta a ɗakin gwaji na cin kwanaki, kuma idan majinyaci ya riga ya sha magani ba ta tsirowa. A 1971 Greenwood da Hilton Whittle da abokan aikinsu suka nuna cewa ana iya amfani da sinadaran garkuwar jiki a gano ɓurɓushin ɓawon ƙwayar a cikin ruwan ƙashin baya cikin ɗan lokaci, har a san ajinta. Sanin ajin yana da muhimmanci, domin ƙwayar iri-iri ce, akwai A da C da W da X da sauransu, kuma rigakafin wannan ba ya tare wancan.

Matsala ta biyu ita ce magani. Allurar fanisilin sau da yawa a yini, kwana da kwanaki, ba abu ne da ma'aikaci ɗaya zai iya yi wa mutum ɗari ba. Masu binciken Zariya, da Dokta Sadiq Wali a gaba, suka buga a 1979 cewa allura ɗaya ta kuloramfenikol mai maiƙo, wadda ke narkewa a hankali cikin tsoka, tana warkar da mafi yawan majinyata. Aka sake gwada ta a Nijar da Mali, ta zama maganin annoba a duk yankin shekaru masu yawa. A 2003, lokacin wata ɓarkewa a jihar Damagaram, aka gwada ta da seftiriyakson, aka ga allura ɗaya ta sabon maganin tana yin aiki daidai da tsohon. Ana iya cewa binciken da aka fara a Zazzau a nan Damagaram aka ɗora masa hawa na gaba.

Abin da ya fi jan hankalin Greenwood shi ne dalilin da ya sa cutar ke bin yanayi. Shi da abokansa suka riƙa shafo maƙogwaron mutane masu lafiya a Zariya da Malumfashi, rani da damina. Suka tarar mutane da yawa na ɗauke da ƙwayar ba tare da ciwo ba, kuma tana ci gaba da yawo tsakanin jama'a ko da damina. Abin da rani ke ƙarawa shi ne yawan waɗanda take ketawa ta shiga jininsu. Bayanin da suka bayar a 1984 shi ne bushewar iska da ƙura da zafi suna raunana fatar cikin hanci da maƙogwaro, wadda ita ce gaɓar farko ta garkuwar jiki. Darasin da ke ciki babba ne. Rigakafin da zai kashe annoba dole ya hana ƙwayar zama a maƙogwaro, ba ya kare wanda aka yi wa kaɗai ba.

Rigakafin da ake da shi a lokacin bai iya wannan ba. An yi shi ne da tsurar ɓawon ƙwayar, wanda wani nau'in sukari ne, kuma jikin ƙaramin yaro ba ya riƙe shi a ƙwaƙwalwar garkuwarsa. Kariyar kan dusashe cikin 'yan shekaru. Shi ya sa ake jira sai annoba ta tashi sannan a bi ta da allura, kamar mai haƙa rijiya bayan gobara ta kama. A nan ma zazzaɓi ya shigo. A 1972 Greenwood ya nuna cewa yaran da ke kwance da zazzaɓin cizon sauro garkuwarsu ba ta amsa wasu allurai yadda ya kamata, kuma a 1978 aka tabbatar da haka a kan rigakafin sanƙarau kansa, cewa raunin kan jima har bayan zazzaɓin ya sauka. Cututtukan biyu da ake ɗauka kowace da lokacinta, ashe a jikin yaro ɗaya suke haɗuwa.

A 1980 ya koma Gambiya ya shugabanci cibiyar binciken lafiya ta Birtaniya da ke Fajara, har shekara 15. A ƙarƙashinsa aka yi gwajin da aka buga a 1991, wanda ya nuna gidan sauro da aka tsoma a magani ya rage mutuwar yara 'yan shekara 1 zuwa 4 da fiye da rabi a ƙauyukan da aka gwada. A can kuma aka aza harsashin gwajin sababbin rigakafin ciwon haƙarƙari da sanƙarau na jarirai, waɗanda aka ɗaure sukarinsu da furotin don jiki ya riƙe su. A 1996 ya koma makarantar cututtukan ƙasashe masu zafi ta Landan.

Shekarar nan ta 1996 ita ce mafi muni da aka rubuta a tarihin sanƙarau a Afirka. Fiye da mutum 250,000 suka kamu a annobar, kusan 25,000 suka rasu. A Najeriya kaɗai, rahoton Farfesa Idris Mohammed, wanda shi ma ya taso a fannin garkuwar jiki a Zariya, ya ƙirga mutum 109,580 da suka kamu da 11,717 da suka rasu. Wannan masifa ce ta sa aka tashi neman rigakafin ajin A mai furotin a farashin da gwamnatocin Afirka za su iya. Wani kamfanin Indiya ya sarrafa shi da sunan MenAfriVac, a ƙasa da rabin dalar Amurka kowace allura, aka ƙaddamar da shi a Disamban 2010 a Burkina Faso da Mali da Nijar.

Ba Greenwood ne ya ƙirƙiro shi ba. Nasa aikin shi ne auna ko ya yi abin da aka zata. Ya jagoranci haɗakar masu bincike a ƙasashe 7, har da cibiyar CERMES ta Yamai, suna bin ƙwayar a maƙogwaron jama'a kafin allura da bayanta. A Cadi aka ga sanƙarau ya ragu da kashi 94 cikin 100 a yankunan da aka yi wa allura, kuma ajin A ya kusa ɓacewa daga maƙogwaro.

Ta ɓangaren damina, ɗalibinsa Badara Cissé ya nuna a Sanigal a 2006 cewa bai wa yara magani wata-wata a lokacin ruwa yana rage zazzaɓi da kashi 86 cikin 100. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da tsarin a 2012, aka fara shi a wasu gundumomin Nijar a 2013, har da Magarya, ga yara daga wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5. A 2021 wani gwajin da Greenwood yake cikin jagororinsa a Mali da Burkina Faso ya nuna haɗa ƙwayoyin da allurar rigakafin zazzaɓi ta RTS,S yana rage kwanciya asibiti da mutuwa sakamakon zazzaɓi da kusan kashi 70 cikin 100 idan aka gwada da ƙwayoyin kaɗai. An ba shi lambar Hideyo Noguchi ta Japan a 2008, da sarautar Sir a Ingila a 2012.

Sanƙarau dai bai ƙare ba. Da ajin A ya kau, sai ajin C ya taso, ya kama mutum fiye da 8,000 a Nijar a 2015. Daga Nuwamban 2022 zuwa Janairun 2023 an ƙirga mutum 559 da suka kamu a jihar Damagaram, 18 suka rasu, cutar kuma ta ɓulla a Jigawa da ke maƙwabtaka. Rigakafin da ya haɗa A da C da W da X da Y a allura ɗaya ya fara aiki a Najeriya a Maris 2024, Nijar ta biyo baya a cikin shekarar.