Daga Pullus zuwa Fallus: Tarihin Kalmar Latin da Ta Tsaya a Bakin Sahara

Hausawan da ke zaune a unguwannin kudancin Jidda sukan kira kuɗi fulus idan sun juya harshe zuwa Larabcin Hijaz. Mutumin Maroko ko Tunisiya kuwa yana da wata kalma mai kama da wannan, wato fallus, wadda ke nufin ɗan tsako. Kusancin lafazin zai iya jan mai nazari ya zaci tushensu ɗaya. Gaskiya ne dukkansu daga Latin suka fito, amma kowace da uwarta.

Fulus jam'in fals ne, shi kuma daga follis, wadda asalin ma'anarta jakar fata. Daga baya sunan ya koma kan kwabon tagulla na Rumawa, musamman wanda Sarki Anastasiyus ya fitar a shekarar 498, Larabawa suka gaje shi.

Fallus ta fi wannan dogon labari. Tushenta pullus, kalmar da Rumawa ke kiran ɗan kowace dabba da ita, har da ɗan doki da na jaki, kafin amfani ya fi karkata ga 'yan tsaki da kaji. Kajin nan suna da matsayi a harkar mulki, domin akwai ma'aikaci na musamman, pullarius, mai kiwon waɗanda ake duba da su kafin a fita yaƙi: in sun ci tsaba da zari a ce akwai nasara, in sun ƙi a dakata. Marubutan Rum sun ruwaito cewa a shekarar 249 kafin Miladiyya, kwamandan jiragen ruwa Kalaudiyus Fulka ya sa aka watsa su cikin teku da suka ƙi ci, ya kuma sha kashi a hannun mutanen Kartaj a yaƙin Direfana. Daga pullus ne Faransanci ya sami poule da poulet, Sifaniyanci ya sami pollo. Masana tsuntsaye na Turai har yau da ita suke kiran ɗan tsuntsun da bai fara tashi ba.

Bayan Rum ta rushe Kartaj a shekarar 146 kafin Miladiyya, Latin ta yi ƙarnoni a Arewacin Afirka, kalmar ta shiga bakin Barbar. Da yake harsunansu ba su da sautin p, sai ya koma f. A Tashalhit ta kudancin Maroko afullus zakara ne, tafullust kaza, wato kalmar ta girma tare da tsakon. Larabcin Magrib da harshen tsibirin Malta sun riƙe ma'anar farko.

Abin tambaya ga masanin Hausa shi ne me ya hana ta ƙarasowa Katsina da Kano. Hanyar dai a buɗe take, domin takarda ta bi ta: asalinta charta ce ta Latin, ta ratso harsunan Barbar da na Buzaye, kuma ta- ɗin farkonta alamar jinsin mace ce a waɗannan harsuna. Lafazi ma ba zai zama cikas ba, tun da fa ta Hausa ta saba haɗiye p ta baƙin kalmomi. Dalilin da ya fi ƙarfi yana cikin kayan ayari. Takarda haja ce da ke jure wata biyu a bayan raƙumi, kuma ta iske mutanen da ba su da suna gare ta. Tsako ba ya jure wannan tafiya, ba a kuma bukatarsa a kudu: ƙasusuwan kaji da aka tono a Jenne-Jeno ta Mali da Kirikongo ta Burkina Faso sun nuna ana kiwonsu a Afirka ta Yamma tun kafin shekarar 1000.