Linzami daga nesa: yadda ƙasar Kurfai ta san sarrafa abu ba tare da an taɓa shi ba

Da aka zo raɗa wa kayan kwamfuta suna da Hausa, ɗan abin nan da ake ja a kan tebur don motsa kibiyar da ke fuskar na'ura sai aka ce masa linzami. Sunan ya dace, musamman a kunnen Kurfayawa, waɗanda kakanninsu suka san doki da yaƙi a kwarin Dallol Bosso. Wanda ya riƙe linzami shi ke juya doki, ko da wani ne ya saye shi. Abin da ya sauya a zamaninmu shi ne mai riƙe linzamin ba sai yana bisa sirdi ba. Yana iya zama a Yamai, kilomita kusan 180 daga Filinge, ko a Kwatano, ko a Kumasi, ya buɗe kwamfutarsa ya shiga salular da ke hannun mahaifinsa a ƙauye, ya latsa, ya goge, ya tura. Iyaye da malamai da yawa suna ganin wannan sabon abu ne fil. Na'urar sabuwa ce, amma Kurfai ta daɗe da sanin umarnin da ke zuwa daga inda ba a ganin mai bayarwa.

Yarjejeniyar da Faransa da Ingila suka yi a 1898 ta zana wani baka mai nisan mil 100 kewaye da Sakkwato ta bar wa Ingilishi. Saboda haka Faransawan da ke son zuwa Damagaram daga bakin Kwara dole suka yi arewa, ta Filinge da Tawa, hanyar da ruwa ke wuyar samu. Wannan ne ya sa suka kafa sansani a Filinge a farkon shekarun 1900, suka ɗora Gado Namalaya a kan ƙasar da a da kowane gari ke da manyansa. Daga nan sai ga sarƙa: Gwamna Janar a Dakar, gwamna a Damagaram (daga 1926 kuma a Yamai), kumandan, sarkin kanton, mai gari. Tsakanin manyan biranen mulki wayar tangaraho ke ɗaukar magana, daga nan ɗan aike a kan doki ya ƙarasa da ita. Maganar haraji da aikin tilas da ɗibar soja tana sauka daga sama. Hanyar da koken talaka zai hau kuwa a toshe take.

Amsar da ta fito daga Kurfai ta shiga littattafan tarihi. A 1925, a garin Shikal, wata mata mai suna Shibo da mabiyanta suka fara abin da Hausawa ke kira Babule, Zabarmawa kuma Hauka. Suna kwaikwayon faretin soja da manyan Nasara, suna ƙin bin sarkin da aka ɗora musu. Kumandan Crocicchia ya sa aka kama su aka tsare a Yamai. 'Yan ci-rani suka kai abin har ƙasar da ake kira Gana a yau, inda Jean Rouch ya ɗauki fim ɗinsa a Akra a 1954. Ko mene ne ra'ayin mutum kan bori, masanin tarihi ba zai kasa ganin abu ɗaya ba: mutanen da ake juyawa daga nesa sun ɗauko siffar masu juya su, har da gwamnan da yawancinsu ba su taɓa sa wa ido ba, sun kawo ta tsakar gari.

Bayan samun 'yancin kai a 1960 aka yi ƙoƙarin buɗe hanyar komawa. A 1962 aka kafa ƙungiyar kulob-kulob na rediyo, inda mutanen gari ke taruwa su saurari shiri, su tattauna, a naɗi muryarsu a kai Yamai a sa a iska. Sai kuma abin da ya fi shafar malamai: talabijin ɗin makaranta, wanda aka soma a 1964 da taimakon Faransa, Max Egly na jagorantar aikin. A ɗakin shirye-shirye na Yamai ake tsara darasi, akwatin talabijin ya nuna shi a aji, wanda ke tsaye gaban yara kuma sau da yawa ba cikakken malami ba ne, mataimaki ne da aka ba ɗan gajeren horo. Baƙi sun yi ta zuwa kallo, an yaba yadda yaran ke sakin baki da Faransanci. Amma shirin bai taɓa kai ga yawancin yaran ƙasa ba, kuɗinsa da gyaransa sun dogara da waje, kuma kafin ƙarshen shekarun 1970 ya tsaya. A ganina babban rauninsa shi ne yaro ba ya iya ɗaga hannu ya tambayi akwati, malamin ajin kuma ba shi da ikon ce masa dakata.

A can wata duniyar kuwa, masu ƙera kwamfuta suna kan tasu hanyar. A watan Satumba na 1940, George Stibitz ya zauna a kwalejin Dartmouth a Amurka, ya aika lissafi ta layin waya zuwa wata na'ura da ke New York, amsa ta dawo cikin ɗan lokaci. Shi ake ɗauka karo na farko da aka sarrafa na'urar lissafi daga wani gari. Matsalar da ta biyo baya ita ce kowane kamfani da harshen na'urarsa. Babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, wato Windows ko Linux ko ta Apple, ba ta jin maganar 'yar'uwarta, kamar a ce Buzu da Bafulatani da Bazabarme sun haɗu a kasuwar Filinge kowa ya kafe sai da harshensa za a yi ciniki.

Dabarar da ta warware wannan ta fito daga wani ɗakin bincike na kamfanin Olivetti a Cambridge ta Ingila, inda Tristan Richardson da abokan aikinsa suka ƙirƙiro VNC, aka sake shi kyauta a 1998. Ba su tsaya koya wa na'urori harshen juna ba. Na'urar da ake sarrafawa hoton fuskarta kawai take aikawa, guntu-guntu, inda aka samu sauyi. Mai sarrafawa kuma abu biyu yake mayarwa: wane harafi ya latsa, ina ya kai linzami. Tunda kowace na'ura ta san hoto kuma ta san latsawa, bambancin harshe ya daina hana ciniki. Kan wannan tunani TeamViewer ta fito a Jamus a 2005, AnyDesk kuma a 2014. Da iPhone ta zo a 2007, wayar Android ta farko a 2008, sai salula ma ta zama ƙaramar kwamfuta, ana iya sarrafa ta, ana iya sarrafawa da ita. Har yanzu dai akwai shinge. Wayar Android, irin su Tecno da Itel da suka cika kasuwanninmu, takan bari a riƙe linzaminta gaba ɗaya idan mai ita ya yarda. iPhone kuwa, da manhajojin wasu kamfanoni, takan bari a ga fuskarta ne kawai.

A Nijar salula ta shigo da Celtel a 2001, kamfanin da ya koma Zain, sannan Airtel a 2010. Ga ƙasar 'yan ci-rani irin Kurfai wannan ba ƙaramin abu ba ne. A da wasiƙa ce ke zuwa, a nemi malamin makaranta ko ɗan lakwal ya karanta, asirin gida ya bi ta bakinsa. Daga baya kaset, a naɗi gaisuwa da saƙo a ba direba. Salula ta cire ɗan tsakiya. Jenny Aker, wadda ta bi farashin hatsi a kasuwannin Nijar daga 2001 zuwa 2006, ta gano cewa inda layi ya iso, tazarar farashi tsakanin kasuwa da kasuwa ta ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari, domin ɗan kasuwa ya daina loda gero bisa jita-jita.

Abin da ya fi burge ni a wannan tarihi ɗan ƙasa ne ya yi shi. Abdou Maman Kané ya haɗa famfo mai aiki da hasken rana da layin salula, ta yadda manomi zai kira lamba daga inda yake, ko da da ƙaramar waya mai madannai, ruwa ya fara gudu a garkarsa, ya kuma tsaya idan lokacin da aka sa ya cika. Ya samu kyautar Orange a 2011, da babbar kyautar ruwa ta Sarki Hassan II a 2015. A nan talaka ne ke ba da umarni daga nesa, na'ura ta bi. Idan aka ajiye wannan kusa da kumandan da ɗan aikensa, za a ga tsawon tafiyar da aka yi.

Yau kuma buƙatar ta fi ta da. A 2017 aka sa sassan jihar Tilaberi, har da Abala da aka cire daga Filinge a 2011, ƙarƙashin dokar ta-ɓaci, ɗaruruwan makarantu sun rufe saboda rashin tsaro, ga kuma rufewar korona a watan Maris na 2020. Malamin da ke da tsohuwar kwamfuta da wayar Android yana iya mayar da wayar tushen intanet ga kwamfutar, ya buga darasi a madannai masu faɗi, ya tura ta WhatsApp, wanda tun 2015 ake iya buɗe shi a kwamfuta. Inda babu layi, Bluetooth da Xender suna kai takarda daga hannu zuwa hannu ba tare da an kashe ko dala ba. Idan kwamfutar ta rikice, abokin aiki a Yamai zai iya shiga ya gyara, a huta da kuɗin mota da fargabar hanya. Duk wannan yana nan, ga wanda ke da caji da layi, kuma kowa ya san ƙauyukan da ba su da ko ɗaya.

Sai dai ƙofar da mai gyara ke shiga ita ce ɓarawo ke bi. Waɗannan manhajoji suna nuna wata lamba a fuskar waya. Wanda ka karanta wa lambar, ka kuma latsa amincewa, yana ganin duk abin da kake gani, har saƙon sirri da kamfanin aika kuɗi ke turowa. A watan Fabrairu na 2019 babban bankin Indiya ya yi gargaɗi kan 'yan damfarar da ke kiran mutane da sunan ma'aikatan banki su sa su sauke AnyDesk. Dattijon da ɗansa ke turo masa kuɗi daga ci-rani, wanda bai karanta Faransanci, wanda ya saba miƙa wayarsa ga duk yaron da ya ce ya iya, shi ne irin wanda suke nema. Haka WhatsApp: minti ɗaya da wayarka a hannun wani ya isa ya haɗa ta da kwamfutarsa, ya riƙa karanta saƙonninka kana can ba ka sani ba. A cikin manhajar akwai wurin da aka jera na'urorin da aka haɗa, har guda huɗu. Ya kamata kowane malami ya san wurin, ya nuna wa iyaye a taron makaranta yadda ake cire wadda ba a sani ba.

Ga iyaye kuma akwai Family Link da Google ta fitar a 2017, wadda ke ba uba ko uwa damar ƙayyade awannin da yaro zai yi da wayarsa, su kulle ta da dare, su hana sauke abin da ba su yarda da shi ba, ko da su iPhone suke riƙe da ita yaron kuma Android. An tsara ta ne da tunanin gidan da babba ya fi yaro sanin na'ura. A yawancin gidajen Kurfai abin a juye yake: ɗan aji shida ne ya buɗe wa mahaifinsa adireshin Google, shi ya zaɓi kalmar sirri, shi ake kira idan waya ta ƙi. Kafin uba ya ce zai sa wa wayar ɗansa linzami, sai ya fara zama da wani babba da ya amince da shi, su canza kalmar sirrin tasa wayar, ya rubuta ta a takarda, da boko ko da ajami, ya adana inda yake ajiye takardun gona.